Ranar da Aka Ce In Tambayi Mota

A duk faɗin Jigawa ni ne mutum na farko da ya yi wa mota tambaya ta ba shi amsa. In ma akwai wanda ya riga ni, to a ɓoye ya yi nasa, ni kuwa sai da na tabbatar har awakin unguwar Yalwawa sun ji labari.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. An rufe mashaya, makaɗa wasu sun ƙaura wasu sun koma sayar da rake, gari ya yi tsit. A daidai nan ne motocin Kwatano suka fara cika Dutse, irin waɗanda ba su da kafireto, sai wata ƙwaƙwalwa da aka ɓoye musu a ciki. Mu makanikai da muka saba da goge filogi da zuƙo fetur da baki, sai mu buɗe bonet mu yi tsaye kamar mun je gaida surukai. Ga kuma wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa da ke kunna kanta a gaban direba. Wasu abokan sana'ata magani ɗaya suke mata: su manna mata baƙin salatif, su ce wa mai mota ta warke.

Ni kuwa na tafi Kano na sayo na'urar da mutane ke kira kwamfuta. Ba ta fi tafin hannu ba, da wata waya mai kaurin igiyar guga. Za ka tsuguna ka laluba ƙarƙashin sitiyari, ka sami wani ɗan baki ka soka, ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba. Sai wasu lambobi su fito, ka duba ma'anarsu, ka san ko iska ce ta yi wa injin yawa ko filogi ne ba ya ba da wuta. Iyakar aikinta ke nan. Abin da ƙwaƙwalwar mota ta lura da shi a inji ta ajiye, shi take karanto maka. Ba ruwanta da birki, ba ruwanta da taya.

Amma wa zai tsaya a nan a teburin mai shayi? Na ce tana faɗin inda mota ta kwana. Na ce tana sanin wanda ya tuƙa ta, da ko ya yi alwala. Wani direban ofis na taɓa duban na'urar na ce masa motarsa ta ce ta kai gero Ringim ranar da ya ce wa ogansa tana gareji. Mutumin nan ya kama hannuna yana roƙon in rufa masa asiri, alhali geron ne na gani a warwatse a but ɗin motar. Har limamin unguwarmu sai da ya zo da kansa ya jujjuya ta, ya tabbatar ba aljani na kulle a ciki ba.

Cikin masu sauraron nan akwai wani saurayi direba, dogo, Bafulatani daga wani ƙauye a bayan Kiyawa. Duk ya fi kowa dariya, kuma duk ya fi kowa yarda. Mahaifinsa ne ya sayar da bijimai ya saya masa mota yana jigilar fasinja tsakanin Kiyawa da Dutse. Ya taɓa ce mini fitilar nan tana kama masa, motar kuma takan sarƙe in ya taka totur. Na ce ya kawo ta. Ya ce sai Baffa, wato mahaifin nasa, ya yarda, don Baffa ya ce a bari a gama girbi.

Ba a gama girbin ba. Wata safiya ya fito shi kaɗai zai tafi tasha, motar ta saki titi, gefen direba ya daki wata darbejiya. Ba wanda ya ga yadda aka yi. Wata mata da ke roron wake ƙarar kawai ta ji.

Bayan an yi sadakar arba'in, ina kwance a ƙarƙashin wata mota na ga ƙafafu a takalmin roba da gindin sanda sun tsaya a kaina. Na fito. Dattijo ne siriri da malfa, fuskar ɗansa sak, sai dai babu dariyar.

"Kai ne mai na'urar da ke sa mota magana?"

Da wani ne da na ce har waƙa tana sa ta yi. Na ce, "Ni ne, Baffa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Yaron nan ya sha ba mu labarinka. Ya ce har inda mota ta kwana tana faɗa."

Na jawo masa benci, ya ƙi zama.

"Ya ce mini fitila na kamawa, na ce ya bari a gama girbi. Yanzu wasu na cewa gudu yake yi, wasu na cewa barci ne ya sace shi, wasu na cewa motar ce ta ƙwace masa. Uwarsa ba ta ce komai ba. Takan ajiye mini abinci ta juya. Na san ajali ne, ban ja da hukuncin Allah ba. So nake kawai in san ko da hannuna a ciki. Motar na gida. Zo ka tambaye ta."

Na buɗe baki in gaya masa iyakar abin da na'urar ke iyawa, sai na tuna wani abu da ya ba ni ɗan ƙarfi. Wani lokaci idan ƙwaƙwalwar mota ta kama matsala, takan ajiye har da gudun da ake yi da zafin inji a daidai lokacin. Na ce a raina ko wannan aka samu ai an samu wani abu. Na ɗauke shi a tsohuwar motata muka tafi. Har muka wuce Kiyawa bai ce uffan ba, ni ma haka. Waɗanda suka san ni ba sa yarda da wannan ɓangaren labarin.

An ajiye motar a gindin tsamiya a bayan gida, an lulluɓe ta da tsofaffin tabarmi, kaji sun fara kwana a ƙarƙashinta. Kafin in gama yaye tabarmin maza sun taru, 'yan uwa da maƙwabta, kowa ya goya hannu a baya. Ta ƙasan zanan da ya kewaye gidan na hango ƙafafun mace a tsaye, ba sa motsi. Ban tambayi ko na wace ce ba.

Ƙofar direba ta lotse ba ta buɗuwa, sai ta ɗaya gefen na rarrafa. Hular yaron na nan a ƙasan kujera. Na laluba na soka waya, na murɗa makulli. Na'ura ba ta kawo wuta ba. Daga jikin mota take shan wuta, don haka na fito na ɗaga bonet. Wayoyin batir biyu na reto, wurin batirin wayam.

"Baffa, ina batirin?"

A karo na farko na ga fuskarsa ta ɗan saki.

"Shi dai lafiya ya fita. Ranar sadakar uku na kwance shi da hannuna na kai masallaci. Lasifikarmu ta daɗe ba ta da batir. Yanzu duk kiran sallar da aka yi, lada na isa ga yaron."

Mutane suka ce Allah ya kai masa. Ni ma na ce amin, amma na san abin da hakan ke nufi. Irin wannan motar, in aka raba ta da batir ya daɗe, duk abin da ƙwaƙwalwarta ta riƙe gogewa yake yi, kamar allon da aka wanke. Wannan ban taɓa faɗa a teburin mai shayi ba, don ba abin dariya a cikinsa.

Duk da haka na kwanto batirin motata na ɗaura. Na'ura ta kawo wuta, mutane suka matso har suna tare mini haske. Ta yi ɗan bincikenta, ta rubuto da Turanci cewa babu komai a ajiye. Na zare na sake sokawa. Na hura bakin wayar, na goge ta da gefen riga, abin da na san ba ya ƙara komai. Amsa ɗaya.

Na daɗe a durƙushe a cikin motar nan. Ni da ƙarya ba ta taɓa yi mini wuyar ƙagawa ba, ranar na nemi guda ɗaya mai amfani na rasa. In na ce inji ne, na ɗora wa dattijo gawar ɗansa a ka. In na ce gudu ne, na yi wa mamaci ƙazafi uwarsa na ji ta bayan zana. In kuma na faɗi gaskiyar batir, to na gaya masa cewa da hannunsa ya shafe amsar da yake nema, kuma kullum sau biyar lasifika za ta riƙa tuna masa.

Na fito ina karkaɗe gwiwa. "Baffa, wataƙila taya ce ta—"

"Tayoyin lafiyarsu ƙalau. Mai kiwo ƙafa yake fara dubawa." Ya dogara da sandarsa. "Kuma ba wataƙila na kira ka ka ba ni ba, ɗana. Wataƙila muna da ita da yawa a gidan nan. Ita me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baffa. Na'urar tawa ce ba ta kai nan ba."

Ƙafafun nan na ƙasan zana suka juya suka koma ciki. Mazan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani na cewa dama shi bai taɓa yarda da kayan Nasara ba. Ina cikin kwance batirina aka kira la'asar. Muryar ladanin ta fito tar, ta ratsa gonaki. Baffa ya ɗaga kai yana saurare har aka gama.

"Ka ji ƙarfinsa? Har rugar gabas suna ji."

Na ce na ji. Muka yi salla a masallacin, a sahun gaba, batirin motar yaron na kusurwa an ɗora shi a kan bulo an rufe da ɗan kyalle don ƙura. Har Baffa ya koma ga Allah ban gaya wa kowa abin da na sani ba, kuma an ce mini har ƙarshe bai daina tambayar direbobi ra'ayinsu ba.

Da zan tafi ya sa aka saka mini ƙwaryar nono a mota, na ƙi, ya ce ba a mayar masa da kyauta. Ya rako ni har bakin hanya. Na'urar na kan kujera, wayarta a naɗe. Ya leƙo ta taga ya daɗe yana kallonta, ba da fushi ba, kamar yadda ake kallon saniyar da aka saya aka tarar ba ta da nono.

"Allah ya jiƙan yaron nan, ya yarda da kai ƙwarai," in ji shi. "Ashe ita baiwar Allah ba ta da baki. Duk surutun naka ne."