Kajin da Na Ɓoye a Ɗakin Gwamnati

Yanzu kaina ya fara yoyo, har sunayen jikokina nake cakuɗawa, amma ranar da na tona wa kaina asiri a gaban kwamiti tana nan daram, ba za ta fita ba sai da raina.

Shekarar da mayo, wato kogi, ya cika ya kwashe mana gida a Lokuwa, gwamnati ta kafa mana ɗakunan katako a wani fili. Sababbi fil, sai dai in rana ta take, wani wari ke tashi kamar ana ƙona roba. Aka kawo takarda na dangwala yatsa. Ni da na gudu daga firamare a aji biyu, abu ɗaya na riƙe cikin bayanin: wanda aka kama da dabba a ɗaki, shi da ɗakin sun rabu. Na gyaɗa kai kamar mutumin kirki, alhali kajina huɗu suna cikin kwando, na tanadar musu ƙarƙashin gado.

Ba a rufa wata ba tari ya kama matata. Ido jajir, ƙirji na kuka, ba ta iya kai loma uku ba ta tsaya ba. Maƙwabta ma haka. Kajin kuwa idanunsu suka kumbura, suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Na binne su a ɓoye, ko ta'aziyya ban samu ba.

Da ƙorafi ya yi yawa, kwamitin gwamnati ya zo da likita da lauyan ɗan kwangilar da ya kafa ɗakunan. Lauyan ya ce katako lafiya lau, mu ne da hayaƙin girki da shan taba, ga tsufa. Jami'in gwamnati ya ce su dai kwangila suka bayar. Na lura maganar za ta mutu a nan, matata ta ci gaba da shaƙar warin. In kuma na buɗe baki, a kore mu.

Sai na ji ta yi tari a bayana. Na miƙe na dubi lauyan.

"Ranka ya daɗe, kaza tana shan taba?"

Aka kwashe da dariya. Na faɗi komai, na ƙara da cewa 'yan'uwan kajin, ƙyanƙyasa ɗaya, suna Vimtim wajen ƙanena suna ta zuba ƙwai.

Lauya ya gyara tabarau. "Baba, ka san ka karya doka?"

"Na sani, ɗana. Amma dokar ba ta tari, matata ke yi."

Likitan bai yi dariya ba. Ya sa aka ɓalle katako ɗaya aka tafi da shi gwaji. Bayan sati biyu gwaji ya nuna katakon ne, aka kwashe mu duka zuwa wata makaranta, tarin ya lafa. Shari'a kam har yau gwamnati da ɗan kwangila suna nuna wa juna yatsa.

Matata ta ce shekara arba'in ina surutu, ranar ce na faɗi mai amfani, shi ma kaji suka taya ni. Ban musa ba. Na dai koyi cewa in ran mutum na cikin haɗari, gara ka faɗi gaskiya ko da laifinka zai fito tare da ita.