Layi Huɗu na Malam Isaiah

Isaiah mutumin Gayam ne. Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran wuta a wata ƙaramar kwaleji a gefen garin Birnin Gwari. Karatunsa bai wuce difloma ba, amma da wutar gwamnati ta ɗauke ta ƙi dawowa, man janareta kuma ya gagari makarantar, shi aka ce ya nemo mafita.

Wata biyu yana bin ɗakuna yana duba kowane ƙwan fitila da fanka. Tsarin da ya kawo mai araha ne: farantan sola a rufin laburare, da batir daidai ƙarfin makarantar. Batirin ba zai ɗauki kowa ba idan hadari ya daɗe, don haka ya raba wutar layi huɗu, na'ura ta riƙa yanke su bi da bi: ofisoshi da farko, sai ɗakunan ɗalibai, sai famfon rijiya, ɗakin magani a ƙarshe. A can injin iskar numfashi yake. 'Yarsa Helen, mai shekara tara, tana da fuka, kuma babu wani injin sai an ratsa hanyar daji.

A zaman kwamiti, magatakardan kwalejin, Alhaji Abdulfattah, ya ɗaga takardar.

"Malam Isaiah, a gidanku yara ke fara cin tuwo kafin maigida?"

Aka yi dariya.

"Ranka ya daɗe, a ofis fanka ce kawai. Can kuwa rai ne."

"To, likita, mun ji. A juya shi, a yanke wutar manya a ƙarshe."

Isaiah da hannunsa ya juya wayoyin. Aka sa wa akwatin na'urar kwaɗo, makullin ya shiga aljihun Alhaji.

A watan Agusta aka yi marka kwana huɗu. Ranar Laraba da hantsi ƙirjin Helen ya toshe. Isaiah ya goyo ta da zanen uwarta zuwa wurin Nafisat, nas ɗin kwalejin. Injin ya yi aiki minti ashirin ya tsaya. Ta taga Isaiah yana hango fankar ofishin magatakarda tana juyawa, babu kowa a ciki. Alhaji ya tafi Kaduna da makullin.

Ya ruga ya ɗauko guduma. Kwaɗon mai kyau ne, shi da kansa ya zaɓe shi. Da ya karye, ya mayar da layin ya dawo a guje. Injin na ta huci, Nafisat ta riga ta lulluɓe yarinyar da zanen uwarta.

Kwana tara da jana'iza aka miƙa masa takardar sallama, bisa laifin lalata kayan makaranta. Wanda aka ɗauka a madadinsa ya kasa gane wayoyin, ya biyo shi har gona a Gayam. Isaiah ya ajiye fartanya, ya zana masa su a ƙasa, layi bayan layi.