Rigar Fatar da Aka Ɗinka wa Taransifomar Habu

Bana shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar aminina Habu Mai Majigi, Allah Ya jiƙansa. Nakan tuna shi duk ranar da taransifomar unguwarmu ta buga, muka zauna jiran sabuwa kamar masu jiran wata.

A shekarun 1950 ina koyarwa a Gagarawa, shi kuma yana yawo da motar majigi daga Gumel zuwa ƙauyuka. Wutar injin janaretan motar ta fi ƙarfin majigin, sai wata 'yar taransifoma mai nauyin tsiya ta rage ta. In ta mutu, ba kallo.

Surukinsa, Baba Sallau, baduku ne a Maigatari. Ya ga ƙarfe tsirara, abin ya dame shi, ya ɗinka mata riga ta jar fata har da tuntaye, kamar gafakar babban malami. Habu ya san ta 'yan ramukan jikinta take shan iska. Amma wa ke mayar da kyautar suruki? Ran da aka yi kallo a Maigatari tsohon yana sahun gaba, dole aka sa mata rigar. Ana tsakiyar kallo hoto ya ɗauke, ƙauri ya tashi. Garin neman gira an rasa ido.

Washegari Habu ya baje taransifomar a barandar makarantarmu. Ya fara da hanci, sannan ya gwada da batir da ƙwan tocila: ɓangare ɗaya ya kama, ɗayan shiru. Ya warware naɗin wayar a hankali har ya iske inda ta ƙone, ya kankare, ya liƙe da dalma, ya naɗe da takarda, ya mayar.

Na ce, "Ka gaya wa manyanka fata ce ta toshe ta mana."

Ya ce, "Malam, tsaya a allinka. So kake Gumel ta ji, tsoho ya kasa shiga kasuwa?"

Ya ce musu sakacinsa ne, ya sha faɗa. Sannan ya je ya durƙusa, kai a ƙasa: "Baba, riga ta yi kyau, sai dai mai ita tana gumi. Ko za a buɗe mata taga?"

Tsohon ya yi dariya. "Ashe ita ma 'yar Gumel ce, ta san zafi!" Ya huda mata tagogi, ya yi musu ado.

Da Habu zai ga masu gyaran yau, waɗanda ke cewa "ta ƙone" tun ba su kwance ƙusa ba, na san tsaki kawai zai yi. Amma ba gwanintar ce ta fi zama mini ba, ita ana koyonta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Baba Sallau ya rasu yana gaya wa jama'a cewa ko majigin gwamnati sai da ya sa aikinsa, Habu yana gefe yana cewa, "Haka ne, Baba."