Manyan Tayoyin Sannu-Sannu

Sannu-Sannu direba ne, kuma sunan ya bi shi, don ba ya gudu, amma ba ya kwana a hanya. Tun yana da baƙin gashi yake kwaso tumatir daga gonakin bayan dutse da tsohuwar motarsa mai jan ƙafa huɗu. Manoma ba sa ba kowa lodi sai shi. Wannan yardar ita ce duk abin da ya tara a duniya.

Sai babban ɗansa ya yi masa gwaninta. Ya ɗauki motar wai zai kai wanki, ya dawo da ita a kan wasu shirga-shirgan tayoyi, yana washe baki.

"Baba, yanzu cikinta ya daina gogar dutse."

Gaskiya ne, ya daina. Amma motar ta mutu a tsaye. Giya ɗaya ta koma kamar giya biyu, a hawa sai ta yi ta nishi, kuloci yana ƙauri, mai kuwa kamar an huda tanki. Bakanike ya ce babbar taya sai an sauya mata haƙoran aksil, in ba haka ba inji wahalar banza yake sha, kuma haƙoran ba a kusa suke ba. Mai tayan ya san haka sarai, mugu, ya yi gum ya sayar wa yaro. Tsofaffin tayoyin ma ya karɓe su.

Sannu-Sannu ya yi ta cin rai. Ya zagi totur, ya zagi hawan, ya yi wa matarsa faɗa a kan gishiri. Ɗan ne kawai ya kasa yi wa faɗa, don kyauta ce.

Ranar da kuloci ya ƙone a tsakiyar hawa, tumatir ya yini a rana ya zama ruwa. Da safe manoma suka loda wa wani, ko kallon Sannu-Sannu ba su yi ba.

Ya dawo gida a ƙafa, ya tarar da ɗan a ƙofa.

"Wa ya aike ka? Ka kashe min mota, ka kashe min sana'a, don burga. Me ka sani a mota?"

Ɗan ya ce:

"Ba burga ba ce, Baba. Na gaji da ganinka kwance a ƙarƙashinta kana ɗaure salansa, bayanka yana ciwo. Babur ɗina na sayar."

Sannu-Sannu ya waiga zaure. Sai a lokacin ya lura wurin da babur ɗin yake kwana fayau yake.