Fitilar da Magagi ya kashe

Shekara talatin Magagi ya yi yana gyaran mota a Diffa, kuma bai taɓa cewa "ban sani ba". Da kunne yake aiki. Mota ta shigo garejinsa, ya karkata kai, ya faɗi ciwonta tun direba bai sauko ba. Da haka ya yi suna, da haka kuma girman kai ya cika shi.

Abin da ya tsana a duniya shi ne fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba, mai rubutun ABS, mai gargaɗi a kan birki. Ba ta ƙara, balle ya saurara. Sai ya samo mata magani: ya kwance tablo, allon gaban direba, ya zare ƙwan fitilar, ya mayar da tablon.

"Ƙaryar Turawa ce," in ji shi. "Birki na kamawa? To, tafi."

Da Ishaƙ ya zo daga Damagaram ya buɗe gareji da na'urar karanta ciwon mota, Magagi ya sa masa ido. Ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Yana cewa mai latsa allo ba makanike ba ne.

Motoci biyar na Hajiya Falmata, mai fataucin tattasai daga bakin kogin Komadugu, su ne ƙashin bayan garejin Magagi. Ran nan ɗaya ta zame da kaya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, da kyar direban ya tsira. Hajiya ta kai ta wurin Ishaƙ. Ya jona na'ura, lamba ta fito: ɗan abin da ke ƙirga juyin tayar baya ta dama ya mutu, laka ta cinye wayarsa. Shi ya sa taya ta ƙage. Ishaƙ ya ce ai da fitila ta nuna tun tuni. Ya buɗe tablo, ya tarar da rami a gurbin ƙwan fitilar.

Hajiya ta iso garejin Magagi da rana tsaka, ko sallama babu.

"Malam Magagi, ina ƙwan fitilata?"

"Hajiya, wannan baƙon ne zai koya mini aiki? Tun ba a haife shi ba nake..."

"Ban tambaye ka shekarunka ba. Mota ta yi magana, ka toshe mata baki, ka ce ka gyara. Yau zan kwashe sauran huɗun. Amma faɗa mini, mota nawa ka yi wa haka a garin nan?"

Ransa ya ɓaci, ya buɗe baki zai yi mata tatas. Sai dai zuciyarsa ta riga ta fara ƙirga. Motar liman, ta mai kifi, ta malamin makarantar lakwal. A ta bakwai ya tsaya: motar Alasan, amininsa, da ta kife bara da damina a hanyar Maine. Magagi da hannunsa ya ɗauki makarar Alasan, yana ta ce wa mutane kwana ne ya ƙare.

Hajiya na tsaye tana jiran amsa.