Yadda Kaka Ta Riga Mutanen Japan

Ni ne na kusa kashe tatsuniya a gidanmu na Ringim, kuma da tsohuwar wayar yayana mai fasasshen gilashi na so aikata kisan. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Duk hutun ƙarshen shekara ana kwaso mu daga Dutse a zube wa Kaka, mahaifiyar babanmu, mu haɗu mu tara jikoki, mu cinye duk abin da bai gudu ba. Bayan magariba, in an sauke tuwo, ba ta yarda a kashe wuta. Sai ta jawo kujerarta, ta tura dankali cikin toka, mu kewaye ta. Muryarta kala biyar ce. In ta yi ta kura, har akuyar gidan sai ta matso kusa da mutane.

A wannan hutun na zo da manga a cikin wayar, wato littafin zane na mutanen Japan, labari cikin hotuna, an fassara shi da Turanci. Inda Turancina na aji shida ya ƙare, sai in cike da ƙarya. Kwana uku yaran suna bina bayan rumbu, kawuna tara a kan gilashi ɗaya, Kaka kuwa tana zaune ita da wutarta. A rana ta huɗu na ji tana gaya wa gwaggonmu, ba faɗa ba ɗaga murya, cewa daga gobe in an gama girki a zuba wa murhun ruwa, ta gama tatsuniya, bakinta ma ya huta. Ba zan yi ƙarya ba, dankalin na fara tunawa. Amma da na leƙa na ga yadda take naɗe tabarmarmu, sai na manta da dankalin.

Da hantsi na same ta tana tsince wake, na durƙusa da wayar a hannu.

"Angona, biko ka zo?" ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "To nuna min abin da ya fi ni baki."

Na fara ja mata shafi ina bayani. Da ta gane daga dama ake fara karatun, kamar allo, ta ce ashe mutanen kirki ne. Labarin wata yarinya ce mai fito, tana haye kogi da mutane a kwalekwale tana neman babanta da ya haye bai dawo ba. Kogin kuwa duk hayewa ɗaya sai ya ɗauke mata abu ɗaya daga abin da take tunawa. Ranar da ta iske uban a ɗaya gaɓar, ya kira sunanta, ta kalle shi kamar kowane fasinja. Daga nan shafi goma babu rubutu ko ɗigo: ruwa, hannunta a kan filafili, fuskar tsohon, ruwa kuma. Na so in ja da sauri, Kaka ta riƙe min yatsa. Ta tambaya ko rubutun ne ya goge. Na ce a'a, haka aka zana, ba wanda ya ce komai. Ta daɗe tana kallo har gilashin ya yi duhu.

Da yamma ba a zuba wa murhun ruwa ba. Ta aiki ƙanwata Ummi ta ce mana akwai wata tatsuniya da ta taho daga ƙasar masu zane, mai so ya zo, wanda ba ya so ya koma bayan rumbu. Muka zo da gudu.

Abin da ta yi wa labarin nan, da mai shi ya ji da ya suma. Kogin ya koma namu na Ringim lokacin da ya cika. Yarinyar ta zama Talatu. Guzurinta na shinkafa ya zama dambu. Faɗan da aka yi da ƙaton macijin ruwa, shafi arba'in, wanda saboda shi nake son littafin, Kaka ta ce, "Suka kara, ta yi nasara," ta wuce. Na miƙe tsaye ina ihu ba haka aka yi ba.

"Zauna, malam mai gyara," ta ce. "Da safe taka ce. Yanzu a bakina take."

Ta ci gaba tana lissafa abin da kogin ya ɗauke wa Talatu: ɗanɗanon kunun innarta, hanyar gidansu, sunan ƙawarta. Har ta kai ga uban. Ta yi muryar tsoho ta kira sunan sau ɗaya. Sai ta yi shiru. Ta ɗauki kara tana juya garwashi. Muna jira. Ba ta kalli kowa ba. Ni a lissafina shekara biyu aka yi. Dankali yana ƙonewa, ba wanda ya motsa. Ummi ce ta fara kuka, sannan wani ƙaton yayanmu da yake cewa shi ya girmi tatsuniya ya fara jan hanci yana zagin hayaƙi. Sannan Kaka ta ce a hankali, tsohon ya shiga kwalekwalen ya karɓi filafilin. A nan ta tsaya, don a nan abin da ke cikin wayar ya ƙare.

Bara aka mai da littafin katun mai motsi, wanda ake ce wa anime. Na cinye datar mamanmu kaf a kansa, har yau tana zargin kamfanin waya. Gaskiya sun yi aiki. Ruwan da suka zana sai ka ji kamar ka tattare wando, faɗan macijin kuwa ya fi na littafin nesa ba kusa ba. Amma da aka zo gaɓar nan sai suka ji tsoro. Suka cika wurin da kiɗa, suka sa yarinyar tana magana a zuci, tana gaya mana ba ta san mutumin nan ba, kamar mu makafi ne. Na kai wa Kaka ta kalla da sabon tabaraunta. Ta yaba ruwan, ta ce macijin ya ci abinci. Da aka zo wajen sai ta taɓe baki.

"Wa ya aike ta surutu?"

Na jima ina ɗauka cewa bin littafi shi ne kada ka canja komai. Masu katun sun bar sunaye da shinkafa da maciji yadda suke, Kaka ta watsar da duka, amma ita ce ta gane inda labarin yake numfashi.

Wani alherin da katun ɗin ya yi mana shi ne, ya tsaya daidai inda tsohon ya karɓi filafili, ba a san ranar ci gaba ba. Ƙananan jikokin da suka kalla suka rasa sukuni, suna ta tambaya ko yarinyar za ta tuna babanta. Na ce musu mutum ɗaya ce a duk Jigawa ta san amsa. Yanzu da hantsi ni nake karanta mata sababbin shafuka a ɓoye, da yamma ita take yanka ta ɗinke yadda ta ga dama. A hutun da ya wuce har yaran maƙwabta suka cika tsakar gidan, sai da gwaggo ta hura murhu na biyu.