Akwatin da Na Kai Dutsin-Ma

Ina cikin goge ƙofar wani malami a shagona na kafinta a Kurfi aka kira ni a waya. Wata likita ce daga Dutsin-Ma, wadda ta yi aiki tare da ɗana kafin Allah ya karɓi abinsa. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce za su koyar da likitoci sabuwar tiyata, ko akwatin da marigayi ya ce in yi masa yana nan? Na ce yana nan. Shi ya zana mini shi a takarda, da ƙananan huji biyar a sama, bai kai ga gaya mini amfaninsa ba. Bayan rasuwarsa na ƙarasa, ban san ko na yi daidai ba.

Mun tashi bayan sallar asuba, ni da ƙanena. Direba ya so ya ɗaure akwatin a but tare da buhunan wake, na ce sai dai in biya masa kujera. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, amarya ce a ciki?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Gero ya fara kai a gonaki. A tashar Dutsin-Ma muka sha koko da ƙosai, ƙanena ya taya soyayyen kifi ya ji kuɗin, ya ce ya ƙoshi.

A wani ɗaki na asibitin na tarar da likitoci shida, manya da su, kowa na riƙe da dogayen ƙarafa biyu masu baki kamar hantsaki. Sun zura su cikin kwali, suna tsintar wake suna sawa a murfin kwalba, idonsu na kan talabijin. Wake sai zillewa yake. Likitar ta ce haka ake yi wa mutum aiki yanzu: a huda ciki kaɗan, a tura kyamara, ba sai an tsaga ba. Wai a manyan birane har na'ura ce ke riƙe ƙarafan, likita na zaune gefe yana sarrafa ta. Na tambaya ko na'urar na gajiya. Ta ce a'a, sai dai a ɗauke wuta.

Da na fito da akwatina sai suka zagaye shi. Na sa masa murfin gilashi mai kauri, na huda shi da ƙyar, don a ganina mai aiki yana son ganin hannunsa.

"Baba," in ji ta a hankali, "cikin mutum ba shi da taga. Wanda ya saba leƙe, ranar aiki zai ruɗe."

Kunya ta kama ni. Wani likita ya cire rigar aikinsa ya lulluɓe gilashin, ya zura kyamara da ƙarafa, ya ɗinke fatar kazar da suke gwaji da ita a ciki. Ya ce hujin sun zauna daidai, ya fi kwalayensu nesa ba kusa ba. Likitar ta ce a bar musu shi, in yi masa murfin katako.

Kafin la'asar muna gida. Na gane yanzu abin da yaron nan yake so ya koya, da dalilin da bai zana gilashi ba. Na auna katakon murfin, na ja layi da fensir. Har yau ban yanka ba.